Ɗan Dorinar da Sallau ke Ɗauka a Jirgi

Wai Sallau ya kama ɗan dorina yana kiwo. Haka labarin ya iske ni a kasuwar Yelwa, a bakin wata mai soyayyen kifi da ta rantse da idonta ta gani. Ta ce kullum da safe yakan sa shi cikin daro, ya rufa masa buhu, ya shiga jirgi da shi a tashar Warra, dabbar tana ta gurnani har tsakiyar ruwa. Wani mai saida koma ya ƙara da cewa fetur yake ɗura masa maimakon nono, shi ya sa ya ƙi girma. Kafin in gama cin kifina, labarin ya kai ga uwar dorinar tana bin jirgin a baya tana hawaye.

To jama'a, ku kwantar da hankalinku. Ni taubashin Sallau ne, Innata ƙanwar babansa ce, babu abin da ke cikin daron nan da ban sani ba. Akwai daro, akwai buhu, akwai gurnani, har feturin ma gaskiya ne. Dorinar ce kaɗai babu. Injin yankan katako ne, tsoho tukuf, sunansa Dattijo. In don ta nauyi ne ma, da dorinar ce da an fi samun sauƙi.

Shi Sallau da zargi aka haife shi. Inna ta ce ranar sunansa sai da ya shinshina wanzami kafin ya yarda aka aske shi. Babansa masunci ne, ya so ya gaje shi, amma abin ya ƙi. In kifi ya shiga koma da wuri, sai Sallau ya ɗaga shi ya dube shi ido da ido, ya ce lafiyayyen kifi ba ya saurin yarda haka, ya mai da shi ruwa. Da tsoho ya ga gidan zai kwana da yunwa, sai ya tura shi dajin Shanga wajen wani mai yankan katako. Can ya koyi aiki, kuma ranar da ubangidan ya yaye shi ya damƙa masa Dattijo. Tun a lokacin injin ya riga ya yi furfura.

Dattijo ƙarfe ne zalla, ƙirar Jamus. Ba shi da sauri, amma in ya kafa haƙori a itace ba ya saki. Kowane irin fetur ka ba shi zai sha, ko na kwalba ne na bakin titi, ya yi tari ya ci gaba. In ya lalace, waya da robar tayar keke sun ishe shi magani. Aibinsa ɗaya ne: tashi. Sai an ajiye shi a ƙasa mai tauri, a take shi da ƙafa, a ja igiyar da dukan ƙarfin baya, shi kuma yana fizge hannunka kamar kun yi faɗa jiya.

Ga inda daro ya shigo. Tun da aka datse ruwa a Kainji, itatuwan da suka nutse suna nan tsaye a ƙasa, sun yi tauri kamar ƙarfe. In ruwa ya ja baya sai kawunansu su fito, in ya dawo su ɓuya suna jiran cikin jirgi. Shekara da shekaru Sallau ne 'yan jirgin tasharmu ke ba aikin sare su kafin ruwa ya rufe su. To Dattijo ba ya tashi a cikin jirgi. Sau ɗaya aka gwada, jirgin ya kife, sai hular matuƙi aka tsinta a Shagunu. Tun daga nan Sallau ke tada shi a tudu, ya zaunar da shi a daro yana gurnani, ya yi masa rumfa da buhu saboda feshin ruwa.

Kuma ba ya yarda da kowa a kansa. In zai tafi masallaci sai ya kwance fulogi ya sa a aljihu. Fetur sai ya shinshina, ya ɗiga a harshe, ya tace da ɗankwali. Matarsa Mariya ta daina shanya ɗankwalinta a tsakar gida.

Bara Dattijo ya yi ta mutuwa a tsakiyar ruwa, ana komowa tudu a sake tada shi. Ruwa ya dawo ba a gama aiki ba. Aka bar wata tsohuwar bishiyar ƙirya da ke tsaye a ruwa kan hanyar kasuwa, wadda 'yan jirgi ke kira Maigadi don ba ta barin kowa ya wuce bai gaishe ta ba. Ita ce ta farke cikin wani jirgin albasa. Ba a rasa rai ba, amma mako guda kifin Warra yana warin miya.

Bana, da ruwa ya ja, sai ga wani saurayi daga Ngaski, sunansa Daniel, da sabon inji a kafaɗa yana tafe yana fito. Alhaji Gidaɗo, shugaban 'yan jirgi, ya tara mu a tasha.

"Sallau, ba ƙin ka muka yi ba," in ji shi. "Amma jirage muke tsoro wa. Duk wanda ya kada Maigadi a cikinku, aikin nasa ne daga yau."

Sallau ya matso gaba. Ya zagaya injin Daniel, ya ƙwanƙwasa jikinsa da farce.

"Roba," ya ce. "Bokitin wanka."

"Ɗaga ka ji, Baba. Ba nauyi, kuma ya fi naka ƙarfi."

"Ina ƙusar da ake murɗawa a daidaita mishi mai?"

"Babu. Akwai 'yar kwamfuta a ciki, ita ke auna mai da iska da kanta."

Sallau ya ja da baya. "Wa ya koya mata? In ta auna, wa take gaya ma?"

Daga ranar ya daina magana da ƙarfi in injin na kusa. Ya ja ni bayan rumfa ya raɗa mini cewa abin da ke gyara kansa ba ya bukatar mai shi, kuma abin da ba ya bukatarka wata rana kai zai gyara. Ya ce Gidaɗo da Daniel bakinsu ɗaya. Ya ce Mariya ma ya ga ta dubi injin da fara'a. Sannan ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya ce, "Kai ma ɗan Goggo, tun jiya kake washe baki. Mi anka ba ka?"

Ranar aiki muka fita da hantsi, jirgi biyu. Ni aka ba ƙwaryar kwalfe ruwa a jirgin Sallau. Muna dab da Maigadi wani jirgi mai inji ya wuce a guje, igiyar ruwa ta taso ta mare mu, ta cika daro. Dattijo ya yi tari biyu ya yi shiru. Sallau yana ta ihu a kwalfe, ni kuwa na rungume gefen jirgin da hannu biyu, don in ban riƙe shi ba wa zai hana shi kifewa?

Daniel ya danna wani maɓalli, ya ja igiya sau ɗaya da 'yan yatsu kamar mai zare zare daga riga. Injin ya tashi. Wallahi sai in faɗi gaskiya ko da Sallau zai daina gaishe ni: ban taɓa ganin yanka irin wannan ba. Ƙiryar da ta girmi babana tana zubar da gari kamar ana gurza rogo. Sallau yana zaune da mataccen inji a cinya, yana cewa, "Ku dai jira. Sauri irin wanga ba banza ba."

Sai ga shi kuwa. Maigadi tana da wani ƙaton reshe da ya karkata ɓangaren da Daniel ke yanka. Da yankan ya yi zurfi, nauyin reshen ya danno, itacen ya haɗe baki ya cije dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa. Daniel ya ja, ya girgiza, ya kira sunan Allah da yarensu da Hausa. Inji ya zauna daram a cikin ƙirya, kwamfuta ba ta ce komai ba.

Sallau ya dube shi, ya dubi itacen. Duk faɗin ruwan nan wuri ɗaya ne mai tauri, shi ne kan Maigadi kanta. Ya tuɓe takalmi, ya hau ya zauna a tsakanin rassan, aka miƙa masa Dattijo. Ya kwance fulogi ya goge da gefen riga, ya hura, ya mayar. Ya take, ya ja. Ya ja. Ya ja har na ji kafaɗarsa ta yi ƙara daga inda nake. Sannan Dattijo ya yi gurnanin da ya tashi tsuntsaye har Shanga. A hankali, yana tari yana hayaƙi, ya cinye ƙaton reshen nan ya jefa shi ruwa. Itacen ya saki baki, Daniel ya zare injinsa.

Saura kaɗan Maigadi ta faɗi, amma hannun Sallau na dama ya ƙi ɗaga Dattijo. Ya sauko jirgi yana haki, ya juya mana baya. Daniel ya tada nasa, ya tsaya, sannan ya miƙo masa.

"Baba, ƙarasa. Ba don kai ba da a nan zai kwana har ruwa ya rufe shi."

"Mi kake nufi da ni?"

"Ba komai, Baba. Karɓi."

Ya karɓa kamar an miƙa masa kunama. Ya ɗora a bakin yankan. Kafin in gyara zama Maigadi ta kife, ruwa ya haɗiye ta. Na ga haƙoran Sallau a waje. Shi ya ce rana ce ta shiga masa ido.

Alhaji Gidaɗo ya yanke magana a tasha: Sallau ne ya kada ta, aiki nasa ne, amma ƙungiya za ta sayo sabon inji ta sa a hannunsa. Daniel ya koma tsaga wa masassaƙan jirgi katako, yana leƙo mu in aiki ya yi yawa.

Yanzu sabon injin yana hannun Sallau. Ja ɗaya yake tashi, ko a cikin jirgi, ko a kan raƙumi. Amma shekaranjiya na same shi a tasha ya tada shi a tudu, ya zaunar da shi a daro, ya yi masa rumfa da buhu. Ga Dattijo a wani daron a gefe, shi ma yana gurnani. Mai kifin Yelwa ta riga ta sanar cewa dorinar ta haihu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, sarkin zargi! Abin da ke tashi da ja ɗaya, me ya kai shi daro? Ko tsoro kake kada kwamfuta ta gaya wa Mariya inda ɗankwalinta yake?"

Bai ko ɗago kai ba.

"Kai ma kira ɗaya kake tashi in Mariya ta sauke tukunya. Ranar da ruwa ya cika muna jirgi, sau nawa na kira ka? Na ga irin taku, kai da sabon injin ga, a tudu, na gan ta a tsakiyar ruwa. Ɗauki daron ga ka kai jirgi, ɗan Goggo, ka bar man ƙwaryar kwalfe ruwan nan in ba wanda ke da hannu."