Seu Valdivino, Mai Sauraron Ƙasa

Shekara arba'in da ɗaya, kullum da safe idan ya kurɓi kofinsa da burodin cuku, sai Seu (wato Malam) Valdivino Pimenta ya saɓi sandar ƙarfe ya hau tuddan garinmu. Ya doki ƙasa, ya durƙusa, ya kara kunne. Aikinsa ke nan a ofishin filaye: ya faɗi inda za a iya kafa gini da inda ba za a iya ba. Garin nan kuwa ƙarƙashinsa duk rami ne. Shekara ɗari uku ke nan da aka jawo kakanninmu cikin sarƙa suka haƙe shi neman zinariya. Zinariyar ta haye teku, mu aka bar mana ramukan, ko taswirarsu ba wanda ya zana.

Ku tambayi Dona (wato Malama) Zulmira mai wankau. Ranar da ya ce ta kwashe kayanta daga ɗakin girki, har titi ta biyo shi.

"Kai da kunnuwan nan naka kamar faifai! A nan uwata ta yi girki har ta mutu!"

"Dona Zulmira, zage ni son ranki, amma ki kwashe."

Ta kwashe tana mita. Da ruwan Janairu, tsakiyar daminarmu, ya sauko, ƙasa ta haɗiye ɗakin har da gwandar da ke jikinsa. Har yau ba ta ba shi haƙuri ba, sai dai duk Lahadi tana aika masa da tukunyar wake.

Seu Valdivino, kai ne ka ganar da mu cewa sunayen unguwanninmu ba ado ba ne, kashedi ne. Mutanen da ba a bari su koyi rubutu ba, da baki suka bar mana taswira: Haɗiye Jaki, Tudun Kogo, Taka Sannu. Kai ne mai jin abin da ƙasa ke faɗa, a garin da kowa ya toshe kunne.

To, sai attajiran birnin Belo Horizonte suka gano iskarmu da daɗi. Wani kamfani ya sayi Tudun Kogo, ya tumɓuke allon sunan, ya kafa sabo: Lambun Taurari. Lambun Taurari fa! Aka gina gidaje, aka ɗora makarantar yara a tsakiyar tudun. Sau uku Seu Valdivino yana rubuta takardar gargaɗi, sau uku tana ɓata a ofis.

Watan jiya suka yi masa ritaya, har da yanka kek. Injiniyan ofishin, wanda muke kira Doutor, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Seu Valdivino, je ka huta. Na'ura ta auna, ta ce lafiya lau."

"Doutor, da rani kuka auna. Ku dawo da ita yanzu mana."

Aka bushe da dariya. Ina wurin, kuma na rantse ban taɓa jin ɗaci irin na ranar ba.

Mun gode, Seu Valdivino. Allah ya saka maka, tunda garin ya kasa. Ku kuma jama'a, ku yi koyi da shi: ku tambayi tsofaffinku ainihin sunan ƙasar da kuke kwana a kanta, ku riƙa kiranta da shi ko ran wa zai ɓaci.

Ranar Litinin za a buɗe makarantar. Ni dai na sa an cire sunan jikata, har 'yata ta daina gaishe ni. Saura yara ɗari da tamanin, kuma kwana tara ke nan ruwa bai ɗauke ba.