Agwagwar Matattu

Tun da mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu, Goh Siew Kheng take sharar gindin benayen unguwarsu a Singafo. A ɗakinta taliyar leda ake ci, yau da ƙwai, gobe ko albasa babu.

Masu motoci ba su taɓa tsone mata ido ba, matattu take ƙyashi. Da watan da bisa al'adarsu ake ajiye wa matattu abinci ya kama, sai bakin titi ya cika da shinkafa da lemo da gasasshen nama, ba mai taɓawa. Da safe ita ke kwashewa ta zuba a bola, yawunta na tsinkewa.

Bana maƙwabciyarta Bee Lian ta ajiye wa marigayin mijinta agwagwa sukutum.

Siew Kheng ta taɓe baki ta ce, "Haba Yaya, mutumin da ya mutu ba haƙori ko ɗaya?"

"Ya yi sababbi a can. Naki fa, me kika ba shi?"

"Taliya. Ya saba."

Autar Siew Kheng, Hui Shan, ta ƙura wa agwagwar ido, ta ja wa uwar riga.

"Mama, mu yaushe za mu mutu?"