Yarinyar da ke tsayawa a arba'in

Jiya a kasuwar Dayi ana auna mini masara, mai awo ya ce "arba'in", ya ɗaure bakin buhu. Nan take tsohon malamin firamaren garinmu ya faɗo mini a rai. Shekara guda ke nan da rasuwarsa.

'Yata Ladi tana aji ɗaya aka aiko mini cewa ƙirga ya gagare ta: in ta kai arba'in sai ta koma ɗaya. Ni kuwa ba na ɓata lokaci kan abin da ba ya gaba. Na tafi in cire ta.

Malam ya ce, "Alhaji, zauna tukuna. Ni ba bakin yaro nake saurare ba, hannunsa nake kallo."

Ya zube mata 'ya'yan tsamiya a tabarma, ya durƙusa gefenta, gwiwoyinsa na ƙara, farin alli har a gemunsa. Tana kai arba'in sai ta ture tsibin gefe, ta lanƙwasa yatsa ɗaya, ta sake farawa.

Da ta gama ya ce, "Ladi, nawa ke nan?"

"Buhu biyu da tiya bakwai, Malam."

Ya dube ni. "A shagonka na hatsi ta koya. Tiya arba'in ai buhu ne. Sunan tamanin da bakwai kawai ya rage in gaya mata."

Kullum tana gabana ban gani ba, shi zama ɗaya ya gani. Ni kaɗai na koma gida, na bar ta a aji.

Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya dube shi da irin haƙurin da ya dubi 'ya'yanmu.