Rawata a Gaban Liman

Shekarun baya, lokacin ina karatun aikin jinya a wata kwaleji a nan Bronx ta Amurka, makarantarmu ta shirya tafiyar aikin sa-kai zuwa Jamhuriyar Dominikan, ƙasar maƙwabtanmu masu shagunan kan kwana. Na sa sunana, aka kuwa ɗauke ni. Ranar da na gaya wa mahaifiyata, kafin magariba babu wata mace 'yar zangon Kumasi a unguwarmu ta Morris Heights da ba ta ji ba. Ita aikinta kula da tsofaffi a gidajensu, kuma tun da muka baro Kumasi take jiran ranar da za ta yi alfahari da ni a gaban ƙawayenta. To, ranar ta zo.

Aikin dai na gaske ne, kada ku ce na je wasa. An sauke mu a wani ƙauye da ke tsakiyar gonakin rake, muna auna jinin mutane, muna wanke gyambon masu saran rake, muna raba magani. Ga zafi, ga sauro, ga shinkafa da wake safe da yamma. Sai dai duk lokacin da na kira gida, nakan ƙara wa labarin gishiri. Idan sauro biyu suka cije ni, a bakina sun zama runduna. Ina jin daɗin yadda take cewa, "Wayyo ɗana, Allah ya ba ka lada."

Ana cikin haka shugabar tafiyar ta ce mun gaji, ƙarshen mako za a kai mu wani ɗan tsibiri mu huta. Jama'a, ban taɓa ganin ruwa irin wannan ba. Shuɗi ne garau, kana tsaye a ciki har ƙirji kana ganin yatsun ƙafarka. Yashi fari kamar garin tuwo, itatuwan kwakwa sun sunkuyo kan ruwa. Na ci gasasshen kifi har na kasa tashi. A hanyar komawa, cikin jirgin ruwa, aka saki kiɗan ƙasar. Ni da ko a biki ba na rawa, ban san abin da ya hau kaina ba. Na tuɓe riga, wani ya rataya mini furanni a wuya, kwakwa a hannuna da tsinken zuƙa a ciki, na shiga tsakiyar 'yan ajinmu mata, su kuma suna cikin kayan wanka, na dinga juya ƙugu. Wata ta karɓi wayata ta ɗauke ni bidiyo.

A tsibirin babu layin waya mai kyau, ni ma ban matsa wa kaina da nema ba. Da na kira mahaifiyata ran Litinin, sai ta ce, "Ina ka shiga? Tun Juma'a nake nemanka."

Na ce, "Mma, kin san yanayin wajen nan."

Ban ƙara komai a kai ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Bayan na dawo da kamar mako biyu, limaminmu ya tare ni bayan sallar Juma'a. Ya ce yana so ran Lahadi bayan la'asar in yi wa jama'a bayanin tafiyata a ɗakin taro da ke ƙasan masallaci, don yaranmu da suka tashi a nan su ga abin koyi. Na sunkuyar da kai na ce, "Malam, ni wa?" alhali zuciyata har ta fara tsara jawabi.

Ranar ɗakin ya cika. Maza a dama, mata a hagu, yara suna ta zirga-zirga a tsakani. Mahaifiyata ta dafa wakye, wato shinkafa da wake irin ta gida, cike da kula biyu, ta sa leshinta na sallah, ta zauna a layin gaba. Abokina, wanda muka taso tare tun makarantar allo a Kumasi, shi ya karɓi wayata ya jona ta da babbar talabijin da ke bango. Muka yi da shi duk lokacin da na ɗaga masa kai, ya tura hoto na gaba.

Liman ya gabatar da ni, ya ce, "Ga ɗanmu nan, ya bar daɗin Amurka ya tafi inda babu ruwa babu wuta, don Allah kaɗai." Aka yi kabbara.

Na fara. Ga ni ina auna jinin wani tsoho. Ga ni tsugune ina ɗaure ƙafar wata mata. Mata suna ta "Allah sarki." Na samu kan zance, har na canza murya, na koma yi a hankali kamar mai wa'azi. Na ce, "Wallahi akwai ranakun da mutum ba ya samun ko minti ɗaya na kansa." Sai na ɗaga wa abokina kai.

Kiɗan ne ya fara isowa kunnena kafin in juya. Da na juya, sai ga ni a bango, girmana ya ninka na gaske, babu riga, tumbi a waje, furanni a wuya, ina karkaɗa jiki a tsakiyar mata. Har ana jin muryata ina ihu da ɗan Sifaniyancin da na tsinta.

Abokina ya ruɗe. Maimakon ya kashe, ya danna wajen ƙara sauti. Wayar ta suɓuce masa ta faɗa bayan tebur, bidiyon kuma bai tsaya ba. Ni kuwa na sandare, makirufo a hannu. Yara suka fashe da dariya, iyayensu suna rufe musu ido. Wani dattijo direban tasi ya gyara zaman tabarau ya ce da ƙarfi, "Wannan kuma wane asibiti ne?" Wani daga baya ya ce, "Me ke cikin kwakwar nan?"

Liman da kansa ya tashi, ya taka a natse ya zare wayar wutar talabijin daga bango. Ya dawo ya zauna, bai dube ni ba, ya ce, "To, a yi addu'a a ci abinci."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma duk abin da ya faru a ɗakin bai kai ganin mahaifiyata ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta harare ni ba. Tashi ta yi ta buɗe kulolinta, ta shiga zuba wa mutane abinci, tana cewa kowa, "Sannu da zuwa, mun gode." Matan da ɗazu suke taya ta murna, yanzu kowace ta karɓi faranti sai ta kau da kai.

Da aka watse na kai hannu zan ɗauki kulolin, ta janye su. Ita ta rungume su ta hau doguwar matakalar nan da ke ɓullewa layinmu, tana tsayawa tana haki, ina biye da ita hannu rabbana. Duk wanda ya san unguwarmu ya san tsayin matakalar nan. A ranar ji na yi ba za ta ƙare ba.

Kwanaki suka wuce ba ta yi mini maganar ba. Abincina yana nan a rufe kullum, in na gaishe ta ta amsa, shi ke nan. Na daina zuwa masallacinmu, na koma hawa jirgin ƙasa har unguwar Harlem in yi Juma'a inda ba a san fuskata ba. Abokina ya yi ta kira yana ba ni haƙuri, na ce masa ba shi ya yi rawar ba.

Wata Asabar da hantsi na same ta a kicin tana yanka albasa. Na durƙusa na ce, "Mma, ki yafe mini."

Ba ta ajiye wuƙar ba. Ta ce, "Kana tsammani rawar ce ta dame ni? Rawa tsakaninka da Ubangijinka ce, kai ba yaro ba ne. Kwanakin nan da wayarka ba ta shiga, ban runtsa ba. Na bi ƙawayena ɗaya bayan ɗaya na ce su taya ni addu'a, ɗana yana daji ban san halin da yake ciki ba. Har azumi wata ta yi maka. Yanzu da wane ido zan dube ta?"

Ta ci gaba da yankanta. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ruwan nan, haka launinsa yake da gaske, ko waya ce ta ƙara masa?"

Na ce, "Haka yake, Mma. Ya ma fi haka."

Ta ce, "Ikon Allah. Ni daga tagar jirgin sama kawai na taɓa ganin teku."

Maganar nan ta fi ta farkon dukana. Matar nan ta shekara da shekaru a garin da ruwa ya kewaye, tana fita tun duhun asuba ta je ta yi wa iyayen wasu wanka, ban taɓa tambayar kaina ko ita ma tana son ta zauna wani waje ta huta ba.

Washegari na ɗauke ta a bas zuwa bakin ruwan da ke can ƙarshen Bronx. Ta cire takalmi, ta ɗan tattare zani, ta sa ƙafa. Ruwan toka-toka ne, ga sanyi. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Wannan ba irin naka ba ne." Amma ba ta fito ba sai da na ce rana ta yi.

Daga baya na koma masallacinmu. An tsokane ni na ɗan lokaci, aka gaji aka bari, yanzu ma yawancin yaran da suka yi dariyar sun zama samari. Ni ne dai ban manta ba. Abin da na gane shi ne hutun da na yi ba laifi ba ne, na yi aiki na gaji. Da na ce mata, "Mma, za mu je yawon shan iska, sai Litinin," da ta yi barcinta lafiya. Son a ce mini sannu ne ya hana ni, kuma ba ni na ɗauki nauyin abin ba, ita ta ɗauka.

Yau idan ta kira ni ina kwance, ta ce me kake yi, ba na cewa aiki. Nakan ce, "Mma, kwance nake, ba na yin komai." Sai ta ce, "Madalla. Ni ma haka."