Ƙyallaye Arba'in na Baba Nomau

Cikin ranakun aikina duka, wadda ta ƙi fita daga kaina ita ce wata Asabar da aka tara mu a bayan asibiti, har da likita da Sista, muka kewaye duron wanki muna kallon ruwa yana tafasa kamar masu jiran rabon abinci. Ku da kuke yage leda yanzu ku zaro abin goge miki, ku jefa shi a kwandon shara ko waiwaye babu, ku gyara zama ku ji yadda kakan wannan abu ya fara shigowa Sakkwato, da irin ɓarnar da na yi da shi.

Shekara biyu ne ko uku kafin a sami 'yancin kai. Ina ƙaramin diresa a lokacin, wato mai wanke miki da ɗaure shi, a wani asibiti nan cikin gari. Na ɗan taɓa makarantar midil, saboda haka Turancina ya fi na sauran ma'aikata 'yan ƙasa, girman kaina kuma ya fi Turancin. Ni ne tafinta tsakaninsu da Sista, wata doguwar Baturiya mai kula da ɗakunan majinyata. Mai Agogo muke ce mata a bayan idonta, don wani ɗan agogo da take maƙalawa a ƙirji. Ko gaisuwa ka ja da tsawo sai ta dube shi.

A zamanin nan ba a zubar da komai. Bandeji a wanke shi, a dafa, a shanya, a naɗe, a sake ɗaura wa wani, har sai ya gaji don kansa. Ga yadda tsarin yake: kowace safiya diresa ya ƙirga kayan datti a gaban mai wanki, ya rubuta a takarda, mai wanki ya dangwala yatsa. Washegari da la'asar ya dawo da su, Sista ta ƙirga da kanta. In abu ɗaya ya ɓace, ba a tambayar dalili: kora ce, sannan a miƙa mutum ga 'yan doka. An taɓa yi wa wani haka a kan zanen gado guda, har ya mutu ana ce masa ɓarawon asibiti.

Mai wankinmu shi ne Baba Nomau na Ƙofar Kware, wani gajeren tsoho da ruwan zafi da sabulu suka tsattsage wa hannu. Ya kusa shekara talatin a bakin duron nan, ko guntun bandeji bai taɓa ɓata a hannunsa ba, kuma ba ya bari kowa ya manta da hakan. Abokin kakana ne tun suna samari, don haka akwai wasan jika da kaka a tsakaninmu. In ce masa tsohon banza mai warin sabulu, ya ce mini ja'iri ɗan boko wanda ko tsarki bai iya ba. Haka muke gaisawa kullum.

Ana nan sai ga kwali daga Ingila, wai wani kamfani ne ya aiko a gwada masa sabon kaya. Da aka buɗe, wasu fararen ƙyallaye ne, kowanne bai wuce taƙi ɗaya da rabi ba, masu laushi. Amma in ka ɗaga shi a rana ba ka ganin zare a tsaye, ba ka ganin zare a kwance. Ba saƙa ba ne sam. Auduga ce aka baje aka danne ta da wani irin danƙo. A jikin kwalin ga hatimi ga doguwar lamba. Sista ta ce mini wannan lambar shaida ce gwamnatin ƙasarsu ta ba kamfanin takarda cewa su suka ƙago abin, ba mai kwaikwayonsa sai da izininsu. Na ce a raina, a zo kasuwar Sakkwato da wannan takarda mana, inda masaƙi zai fito da sabon zane da hantsi, kafin azahar maƙwabcinsa ya fito da irinsa.

Ta ce, "Ummaru, ka gaya wa kowa. Sau ɗaya ake goge miki da shi, a jefa a bokiti, a ƙone. Ba a wankewa, ruwan zafi narkar da shi yake yi."

Na gaya wa masu hidimar ɗakunan majinyata. Wata dattijuwa a cikinsu ta riƙe haɓa ta ce, "A ƙone farin ƙyalle, mutane na yawo da tsumma cikin gari? Turawan ga dai Allah shi shirye su." Kwana biyun farko sun ƙona, don Mai Agogo na tsaye a kansu. Da ta ɗauke ido, duk wanda bai ɓaci sosai ba sai su cusa shi a kwandon wanki. Ba taurin kai ba ne, hannunsu ne ya kasa jefa farin yadi a wuta. Shi kuwa Baba Nomau, da yake a can bayan asibiti yake, ban je na gaya masa komai ba.

Ran Litinin da safe ina ƙirga masa kaya sai na tarar da su a gindin kwando, guda arba'in cif. Ya ɗauki ɗaya ya murza, ya kai kusa da ido.

Ya ce, "Wanga wane irin yadi na? Ba ni ganin zare."

Nan shaiɗan ya zauna mini a kafaɗa. Na ce, "Na Ingila ne, tsoho. An ce ya fi ƙarfin masu wankin ƙauye irinka."

Ya ce, "Yadin da za shi gagare ni ba a kawo shi ba tukuna. Rubuta, ja'iri."

Na rubuta arba'in, ya dangwala yatsa. Niyyata in leƙo da azahar in same shi yana lalube cikin duro, in yi dariya har in faɗi, sannan in soke su daga takarda. Amma kafin ƙarfe goma aka ce wanda zai je Wamakko aikin lambar agana zazzaɓi ya kwantar da shi, ni zan maye gurbinsa. Aka cusa ni a mota. Kwana uku na yi a can ina shan fura da nono, ina yi wa mutanen ƙauye Turancin da ba su tambaye ni ba. Wallahi ko sau ɗaya Baba Nomau bai faɗo mini a rai ba.

Na dawo ran Alhamis na tarar da Mai Agogo tana murmushi, abin da ban taɓa gani ba. Ta ce da fari ta yi faɗa da ta ga an kai ƙyallayen wanki, amma sai ga shi sun dawo duka arba'in, fes, sun ma fi da ƙwari. Har ta fara rubuta wa kamfani rahoto cewa kayansu ya fi yadda su kansu suke zato. Likita ne kawai ya ce bai yarda ba, sai an wanke wasu a gabansa ran Asabar.

Da ta fita na buɗe kabad. Ga su nan a jere, an ninke, an goge, an ɗirka musu sitaci har suna ƙara. Ita Sista ta gefe take ƙirgawa da ɗan yatsa, ba ta warware ko ɗaya ba. Na warware ɗaya na ɗaga a taga. Zare a tsaye, zare a kwance. Alawayyo ne, farin yadin nan na kasuwa, an yanka shi daidai girman na Ingila, an cika bakin da sitaci don kada ya zare. Na ninke shi na mayar cikin kabad.

Ran Juma'a na je wajensa. Yana guga, bai ɗago ba. Na yi sallama ya amsa, ba ja'iri, ba ɗan boko. Na tsaya a kansa na ɗan lokaci, maganar tana bakina. Sai na tuna sunana yana cikin waɗanda za a ƙara wa girma a shekarar, kuma in na faɗi gaskiya Sista za ta san da sanina na rubuta. Na ce masa ya aiki, ya ce da godiya, na juya na tafi. Tsoro na ji, ba wani abu ba, kuma har yau ina jin kunyarsa.

Asabar ta zo. Likita ya zaro sababbi goma daga kwali da hannunsa, ya ce a zuba. Baba Nomau ya zuba, ya ɗauki sandarsa yana juyawa, idonsa a kan ruwa. Ba a daɗe ba ruwan ya yi fari ya yi kauri, ya koma kamar kunu. Ya tsamo sandar, ba komai a jikinta sai wani farin danƙo yana ɗiga. Likita ya sa aka ɗauko guda cikin arba'in ɗin, ya warware, ya ja zare ɗaya ya fito zar. Ya fashe da dariya ya ce ashe a Sakkwato aka sami wanda ya kwaikwayi fasahar kamfani ba izini, kuma nasa ya fi nasu kyau.

Sista ba ta yi dariya ba. Fuskarta ta yi ja, don ita ce ta kusa aika shirme Ingila da sa hannunta. Ta ce a je a ƙirga zannuwan gado yanzu. Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Tambaye shi, zanen asibiti nawa ya yanka ya yi wannan?"

Ni ne tafinta. Da bakina na tambayi abokin kakana, a gaban leburori da masu shara, ko ya saci zane.

Ya jingina sandar da duro, ya goge hannunsa a riga. Ya ce, "Gaya mata ban taɓa zanen asibiti ba. Likkafanina na. Bara waccan na saye shi na aje, don kada in wahal da kowa. Da ƙyallayen ga sunka narke, na zaci ni na lalata kayan Turawa. Na ce in anka kai ni ga 'yan doka da hurhurar ga, ina za ni sa kaina? Sai ni da mai ɗakina munka yanka shi."

Turancin nan da nake taƙama da shi ya gaza. Ban ma san sunan likkafani da Turanci ba. Sai na ce zanen da za a naɗe shi a ciki ne ran da ya mutu. Likita ya daina dariya. Ya dubi ƙyallen da ke hannunsa, ya rasa inda zai ajiye shi.

Daga nan ban jira an tambaye ni ba. Na faɗi duka, da Turanci sannan da Hausa: cewa na san ba a wankewa, na ƙi gaya masa, na rubuta arba'in don in yi masa dariya. Wanda aka aika ƙirga ya dawo ya ce zannuwa sun cika. Mai Agogo ta yage rahotonta nan take, ta ce tsoho ba shi da laifi, aikinsa na nan. Ni kuwa aka ba ni takardar gargaɗi, ƙarin girma ya wuce ni a shekarar, kuma ban ce an zalunce ni ba.

Ran Litinin Baba Nomau bai zo aiki ba, Talata ma haka. Sista ta aike ni in kira shi. Na biya kasuwa na yanko alawayyo mai kyau, na same shi a zaurensa a Ƙofar Kware bayan la'asar. Na durƙusa na ajiye yadin a gabansa. Ya ɗauka ya murza, ya ja shi ta nan ya ja ta can, ya ce, "To, wanga dai yadi na." Ya tura shi bayansa.

Na ce, "Baba, Sista ta ce ka dawo. Ta ce ba ka da laifi."

Ya ce, "Ka ce mata na gode. Amma shekara talatin, abin da anka ba ni shi nika maidawa. Ran Talata na maida abin da ba shi ba, na tsaya ina kallon matar ga tana ƙirga, na yi shiru. Ita ta yahe, ni kuwa na san na yi. Ba ni iya sake tsayawa gabanta in ce kaya sun cika."

Na ce laifina ne, wasa ne ya yi muni, ya yafe mini.

Ya ce, "Na Litinin wasa na, Ummaru, na yahe shi tun a bakin duro. Amma ran Juma'a da ka zo ka tsaya bisa kaina, ka san abin da ke cikin kabad, ka tambaye ni ya aiki. Wannan ba wasa ba ne."

Na tashi na yi masa sallama na tafi.

Abin da na koya ke nan, ku kuma ku riƙe. Sabon kaya da takardarsa yake zuwa, takardar kuma a hannun masu karatu take tsayawa. Wanda zai sa hannunsa a cikin abin, shi ne na ƙarshen ji, kuma shi ake fara tuhuma in an sami matsala. Har na yi ritaya, in aka kawo sabon abu, daga wajen masu wanki da masu shara nake fara bayani, likita ya jira. Shi dai Baba Nomau ya koma wankin rigunan 'yan kasuwa a ƙofar gidansa, kuma bai sake komawa bakin duron nan ba.