Gwaggo Rabi da dangin uba

"Ku binciki dangin uwarta," in ji Gwaggo Rabi, ƙanwar babana, tun likita ba ta gama yi mini bayanin gwajin kansar nono ta gado ba.

Rakiya ce kawai ta kawo ta Parakou daga Djougou. Matar da kullum take cewa tsayina da hancina nasu ne, yau ta sallama ni ga dangin uwa!

Likita ta ce, "Hajiya, ta wajen uba ma ana gadonta. Me ya yi ajalin mahaifiyarku?"

Gwaggo ta ce, "Ciwon nono. Ita da yayarmu."

Sai ta naɗe hannun riga. "To, a fara ɗibar jinina. Amma hancin dai, a gode mana."

Ku fa, kun taɓa tambayar dangin babanku?