Sawu Huɗu a Jirgin Hamsatu

Har gobe ban manta da ranar da Nasara mai duba makarantu ya zo mana daga Dosso ba, kafin a gina gada a kan kogi. A lokacin ni ne planto a lekol ɗin Gaya, wato ɗan aike: in buga ƙararrawa, in share aji, in kai wasiƙa gidan kumandan. Ko bihim ban iya karantawa ba, amma kunnena ya tsinci Faransanci, ga Dendi da Hausa a bakina, don haka nakan yi tafinta ga ƙananan yara.

Ƙa'idar ita ce, a ƙarshen shekara mai dubawa yakan yi wa kowane yaro tambaya. Wanda aka ga kansa ba ya ja, a soke sunansa daga rajista, ya koma gida. Malamin ajin, Mushe Garba (haka muke kiran malamai da Faransanci), tun safe yake ta share gumi.

Aka zo kan Hamsatu, 'yar wani mai fito, mai ƙetarar da mutane kogi a jirgi. Da kuka aka kawo ta lekol, amma kafin shekara ta zagayo ita ke riga ni zuwa bakin ƙofa.

Nasara ya ce, na fassara: "Jirgi yana ɗaukar mutum huɗu. Mutum goma sha biyu za su ƙetare. Sawu nawa za a yi?"

Ta yi kamar tana leƙen ruwa, ta ce, "Huɗu."

Aka sake tambaya. Ta ce huɗu. Mushe Garba ya ɗaga mata yatsu uku a ɓoye, ta dube shi da tausayi, ta ce huɗu. Nasara ya buɗe rajista, ya tsoma alƙalami a tawada.

Planto ba ya magana sai an ce ya yi. Amma bakina ya riga ni. Na ce mata da Dendi, "'Yata, yaya aka yi huɗu?"

Ta ce, "Baba Isa, to wa zai tuƙa? Babana ba mutum ba ne? Uku-uku za su shiga."

Mushe ya harare ni. "Isa, wa ya sa da kai?"

Na ce, "Mushe, a yi haƙuri, amma jirginku ba shi da matuƙi."

Nasara ya nemi a gaya masa. Da ya ji, ya ajiye alƙalami, ya yi dariya har ya yi ja. Ya ce a tambaye ta, ita a ina take zama.

Ta ce, "Ni mai kwarfar ruwa ce, ba a ƙirga ni. Kuma in kogi ya cika, Baba bibbiyu yake ɗauka, sawu shida ke nan."

Ba a soke sunanta ba. Ni kuwa na sha faɗa da yamma, kodayake Mushe ya haɗa da goro.

Abin da na koya a aikin nan shi ne, yaro ba ya zuwa lekol da kai wayam. Hankalinsa ya fara tsiro ne a inda ya zauna kusa da manya yana kallon hannunsu. Hamsatu ta koyi lissafi a gindin ubanta, da ƙwarya a hannu. Ku da kuke koyarwa yanzu, kafin ku ja jan layi, ku tambaya.

Ga ni da furfura ina ajin yaƙi da jahilci, da hannuna kuma na rubuta wannan. Ranar da na ba da amsa malaminmu ya girgiza kai, sai na ce, "Ɗana, dakata. Tambaye ni wa ke tuƙa jirgina."